Jinyar mai shan maganin tsinka jini: abin da na koya a Bagudo

A hutun da ya wuce, jinyar kawuna ce ta faɗo kaina a Bagudo. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura, aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, aka gano gudan jini ne ya toshe jijiya. Da za a sallame shi aka ɗora shi kan warfarin, wata nas ta zaunar da ni ta yi mini bayani, tunda ni ne "ɗan boko" a gidan.

Ana ce masa maganin tsinka jini, amma ba ruwa yake mayar da jini ba. Aikinsa shi ne rage saurin daskarewar jini ta hanyar tare sinadarin bitamin K. In ya yi kaɗan, gudan jini na iya komawa, har ya tafi huhu. In ya yi yawa, ƙaramin rauni sai ya ƙi tsayawa. Shi ya sa ake gwajin jini mai suna INR a kai a kai, kuma ga mai irin ciwon Kawu ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ana sha sau ɗaya a rana, lokaci guda. Wanda ya manta na jiya, kada ya haɗa biyu yau.

Abinci bai ba mu wahala ba. Zogale da alayyafo da sauran ganye suna da bitamin K, amma ba hana ci aka yi ba. Kawai kada a yi sati ba a taɓa ba, sannan a zauna a tashi da kwano guda na kwaɗo.

Inda na sha fama shi ne iyaka. Mutanenmu suna tsallakawa Benin ta Lolo ko Tsamiya kamar shiga maƙwabta, kuma magungunan can da Faransanci aka rubuta su. Ranar nan wani abokin cinikin Kawu ya dawo daga Malanville da tsarabar wani gari a 'yar leda, wai yana maganin ciwon jiki. Aspégic ne. Wallahi ba don na bincika a waya ba, da ya sha. Asfirin ne da wani suna, kuma haɗa shi da warfarin na jawo zubar jini a ciki. Haka ibuprofen da diclofenac, haka Flagyl da Septrin da ake saye a kemis kamar gyaɗa. Akwai kuma Sintrom da ake bayarwa a ƙasashen da Faransa ta raina: aikinsu ɗaya da warfarin, amma awonsu daban. In naka ya ƙare, kada ka musanya da shi, balle ka haɗa.

Sai wanzami. Na hana ƙaho, na hana sakiya, na hana allurar ɗuwawu a kemis. Gwaggo ta ce na cika iyayi, na haɗiye.

Kullum da safe ina duba dasashinsa bayan asuwaki, da fatarsa ko akwai tabon kwanciyar jini. Baƙin bahaya kamar kwalta alama ce ta jini a ciki. Jan fitsari kuwa, mu mutanen bakin kogi mun saba mu ce tsargiya ce mu wuce. Ga mai shan wannan magani, asibiti kai tsaye. In haɓo ne, a sunkuya gaba a matse hanci minti 10, in bai tsaya ba a tafi. Wanda ya faɗi a babur ya bugu a ka, ko ba jini a waje, a kai shi a ranar. Mace kuma in ta samu ciki ta sanar da likita nan take, don warfarin na illata ɗan tayi, akan sauya mata da allurar hefarin.

Kafin in dawo makaranta na rubuta sunan maganin da awonsa da ranar gwaji na gaba a kati, da Hausa da Turanci, wani malamin makaranta ya ƙara mana da Faransanci a baya. Yana aljihun Kawu, tare da kuɗin sefa.