Awo da Lissafi Su Ne Ƙashin Bayan Ciniki

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne, amma fa kimar ido ba ta isa ta riƙe ciniki ba. Kowace sana'a tana da abin da ake auna ta da shi, kuma abin da aka zaɓa aka auna, shi ne abin da jama'a za su mai da hankali a kai. Labarin ƙasar Gumel ya isa misali.

Gyaɗa

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru ta ratsa Gagarawa a 1930, gyaɗar ƙasar nan ta sami hanyar fita. Da fari nauyi kaɗai ake dubawa a bisa sikeli, saboda haka waɗansu suka riƙa barin yashi da ɓawo cikin buhu. Kuma a turmi ake sussukar gyaɗa, ƙwayar ta farfashe, man da ke cikinta ya lalace kafin ta kai Ingila. A zamanin Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, aka ware daraja ta musamman ga gyaɗar da ƙwayarta ba ta fashe ba, aka ƙara mata kuɗi. Da manoma suka ga haka, sai suka koma ga injin ɓare gyaɗa na hannu. Watau da aka sake abin da ake aunawa, sai aikin ma ya sake. An rushe hukumomin ciniki a 1986, amma darasin yana nan.

Fatu da Ƙiraga

Haka aka yi da fata. Malaman dabbobi sun nuna wa mahauta cewa fatar da aka shanya a ƙasa cikin rana takan ƙone, wadda wuƙa ta huda kuwa darajarta ta faɗi. Da aka kasa fatu daraja-daraja, kowace da kuɗinta, sai fiɗa ta gyaru, aka riƙa rataye fata a inuwa.

Riɗi da Zoɓo

Yau riɗi da zoɓo ne manyan kayan da ake fitarwa daga Maigatari da Sule Tankarkar da kewayensu. Masu saye a Japan da Sin da Turkiyya suna auna tsabtar riɗi da laimarsa da yawan mansa. Ƙasar Meziko ma ta taɓa dakatar da sayen zoɓon Nijeriya saboda ƙwaron da aka samu cikin kaya. Sakacin mutum kaɗan ya jawo wa dubban manoma hasara.

Kiwo

Mai turkar sa don kasuwar Maigatari ta ran Alhamis, ribarsa ba ita ce bambancin kuɗin saye da na sayarwa ba. Sai ya cire kuɗin harawa da dusa da magani da la'ada, ya kuma ƙidaya watannin da san ya yi a turke. Da yawa sukan koma gida da murna alhali uwar kuɗi suka ci.

Abin da Ya Kamata a Kiyaye

Ma'auni guda ba ya isa. Wanda ya duba yawa kaɗai zai rasa nagarta, wanda ya duba ribar yau kaɗai zai kori abokin cinikin gobe. Saboda haka ya wajaba mai sana'a ya ajiye littafi, ya rubuta abubuwa huɗu kowane mako: abin da ya kashe, da abin da ya samu, da kayan da aka mayar masa ko aka rage wa kuɗi, da masu sayen da suka sake dawowa. Wanda bai iya rubutun boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta. In shekara ta kewayo, littafin nan zai nuna masa inda kuɗinsa ke zurarewa, ya toshe tun da wuri.