Daidaita gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura: misali daga ajiyar sautukan Hausa

1. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu, shi ya sa France ta zama Faransa. Wasalin da aka saƙa ba ya ɗauke da ma'ana, tsari ne ya buƙace shi. Haka na'ura ke yi da oktet. Galibi lamba mai oktet 4 takan fara ne a gurbin da ke rabuwa da 4. In ba ta faɗa daidai ba, manhajar da ke fassara harshen C ta cike giɓin da oktet na wofi. Wannan ne Faransanci ke kira alignement.

2. A ɗauka muna adana kalmomin da aka tattaro a Dogo-Dogo, ƙasar Damagaram, kuma kowane sauti na da bayani uku: karin sauti (oktet 1), lambar harafinsa a Unicode (4), tsawon wasali (1). A wannan jeri, 6 sun zama 12. In lambar harafi ta zo farko, 8 ne. A ganinmu wannan gyara ya wadatar.

3. Ana iya matse su zuwa 6 da umarnin #pragma pack(1), sai dai da kasada. Motorola 68000, wanda Macintosh na 1984 ya yi aiki da shi, ƙin karantawa yake idan irin wannan lamba ta fara a gurbin da ba ya rabuwa da 2. Na Intel suna jurewa, wani lokaci da jinkiri. Kuma kundin da aka rubuta da 12 aka karanta da 6, ba ƙ, ɗ da ƴ kaɗai za su watse ba, har karin sautin.