Waye Ɗan Katolika na Gaskiya? Layin Jibi da Maganar Zubar da Ciki

Duk ranar Lahadi, idan sujadar Mas ta doshi ƙarshe, akwai lokacin da cocin Katolika ke rabuwa gida biyu ba tare da kowa ya ce uffan ba. Fada zai sauko daga bagadi riƙe da ƙoƙo mai ruwan zinariya, mawaƙa su ɗauki waƙa, jama'a su fara fitowa benci bayan benci suna jera layi. Duk wanda ya iso gaba sai ya miƙa tafin hannu ko ya buɗe baki, a ɗora masa 'yar farar gurasa siririya wadda ba ta fi kwabo faɗi ba, ya ce amin, ya koma mazauninsa ya durƙusa. Wasu kuwa ba sa tashi. Sai dai su karkata gwiwa su ba na kusa da su hanya.

A majami'un Najeriya ba a barin zancen a duhu. Kafin a fara, katikis ko mai sanarwa kan faɗa cewa Jibin Ubangiji na 'yan Katolika ne da aka yi wa baftisma, waɗanda kuma suka shirya. Shirin ya haɗa da kame baki na awa 1, ban da ruwa da magani, sannan kada mutum ya taho da babban zunubi a wuyansa bai kai gaban Fada ya furta ba. Cikin waɗanda suka zauna akwai baƙon da ya zo ɗaurin aure, akwai magidancin da ya biya sadaki aka sha biki amma bai kai amarya gaban bagadi ba, akwai wanda ya ƙara mata ta biyu, akwai kuma wanda shi kaɗai ya san dalilinsa. Ba a tambayar kowa.

In ka cire baƙon, sauran duk 'yan Katolika ne cikakku a lissafin cocin. Abin da ke shigar da mutum shi ne baftisma, galibi tun yana jariri: a zuba masa ruwa sau 3 a ka, a ba shi sunan wani daga cikin tsarkaka, Bitrus ko Bulus ko Monika, a tsayar masa da uba ko uwar baftisma, sannan a rubuta sunansa a babban littafin cocin da aka yi masa. Duk abin da ya biyo baya a rayuwarsa ta addini, tabbatarwar da bishop ke yi da man shafawa a goshi, ko aure, ko zama Fada, can ake komawa a rubuta a gefen sunan. Koyarwar cocin ta ce baftisma tana barin alamar da ba ta gogewa. Mutum na iya shekara 40 bai taka ƙofar coci ba, ba za a sake yi masa wata ba ranar da ya dawo.

Da wannan ma'auni ne Fadar Vatican ke ƙirga mabiyanta kimanin biliyan 1.4 a duniya, kusan kashi 1 cikin 5 a Afirka. Amma akwai ma'auni na biyu, wato dokoki 5 da ake haddace wa yara a ajin katikisma: zuwa Mas ranar Lahadi da manyan ranaku, furta zunubi aƙalla sau 1 a shekara, karɓar Jibi a lokacin Ista, azumi da ƙaurace wa nama a ranakun da aka keɓe kamar Larabar Toka, da taimaka wa coci da abin hannu. A nan ne tazarar ke fitowa fili. Wani nazari da cibiyar CARA ta Jami'ar Georgetown ta fitar a 2023 ya nuna kashi 94 cikin 100 na 'yan Katolikan Najeriya sun ce suna zuwa Mas kowane mako, babu ƙasar da ta kai haka cikin waɗanda aka duba. A Faransa kashi 8 ne. Jamus kuwa nata salon daban: ɗan coci na biyan harajin addini ta hannun gwamnati, wanda ya gaji sai ya je ofis ya sa hannu ya fita, kuma fiye da mutum 500,000 suka yi haka a 2022 kaɗai. Bishop-bishop na ƙasar sun ce wanda ya fita ba ya karɓar Jibi. Sunansa dai na nan a littafin baftisma.

Babu inda wannan tazara ke tayar da jijiyar wuya kamar maganar zubar da ciki. Matsayin cocin ba shi da kwana: rai na farawa ne daga lokacin da ciki ya shiga, kuma kashe shi da gangan babban zunubi ne, ko ta wace hanya aka samu cikin. Hanin tsoho ne, yana cikin Didache, wani ɗan littafin koyarwa na Kiristocin farko da aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 1. Abin da ya sauya shi ne nauyin hukunci. Malamai irin su Thomas Aquinas sun bi ra'ayin Aristotle cewa ruhi ba ya shiga tayi sai bayan wasu makonni, don haka an daɗe ana bambanta zubar da ƙaramin ciki da wanda ya yi ƙwari, ko da yake duka biyun zunubi ne a wurinsu. Fafaroma Pius na 9 ne ya share bambancin a 1869. Mai karatu Musulmi zai tuna da hadisin busa rai bayan kwana 120, wanda wasu malamai suka gina sassauci a kansa, alhali Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa ta tsaurara tun daga shigar cikin.

Dokar cocin ta 1983 ta tanadi cewa duk wanda ya zubar da ciki ya fita daga tarayya nan take, ba sai an zauna shari'a ba. Hukuncin na hawa kan matar, da likitan, da wanda in ba da hannunsa ba abin ba zai yiwu ba, misali saurayin da ya matsa kuma ya biya kuɗin. Sai dai dokar na da ƙofofi da yawancin masu zafin kai ba sa ambata. Ba ya hawa kan yarinyar da ba ta cika shekara 18 ba, ko wadda ba ta san da hukuncin ba, ko wadda tsananin tsoro ya tilasta. Wanda ya hau kansa ma bai daina zama ɗan Katolika ba. Wajibi ne ya ci gaba da zuwa Mas, Jibi ne dai ya haramta gare shi har sai ya tuba.

A ɗakin haihuwa ne abin ke yin tsauri. Cocin ya yarda a yi wa uwa maganin da zai ceci ranta ko da ɗan zai rasu a sanadinsa, muddin ba ɗan aka nufa kai tsaye ba. Shi ya sa ake cire bututun da ciki ya maƙale a ciki, ko mahaifar da sankara ta kama. Gianna Beretta Molla, wata likita 'yar Italiya, tana da wannan damar lokacin da aka ga ƙari a mahaifarta tana ɗauke da cikin haihuwarta ta 4. Ta ce a cire ƙarin kawai a bar ɗan. Ta haifi 'yarta a Afrilun 1962, ta rasu bayan mako 1, kuma a 2004 aka sanya ta cikin tsarkaka. A ɗaya gefen akwai Sista Margaret McBride ta wani asibitin Katolika a birnin Phoenix na Amurka, wadda a 2009 ta amince a cire cikin mako 11 na wata uwar 'ya'ya 4 da likitoci suka ce hawan jinin huhu zai kashe ta. Matar ta rayu. Bishop Thomas Olmsted ya ce Sistar ta fita daga tarayya, ya kuma cire wa asibitin sunan Katolika. Daga baya an mayar da ita, amma har yau malaman cocin ba su gama gardama kan wanda ya yi daidai ba.

Amurkawa ne suka mayar da layin Jibi fagen siyasa. Joe Biden, shugaban ƙasa ɗan Katolika na biyu bayan John Kennedy, mutum ne da ba ya wasa da Mas, yana kuma yawo da carbin ɗansa da ya rasu, amma yana goyon bayan dokar da ta ba mace zaɓi. A Oktoban 2019 wani Fada a jihar South Carolina ya hana shi Jibi. A Mayun 2022 Akbishop Salvatore Cordileone na San Francisco ya haramta wa Nancy Pelosi, shugabar Majalisar Wakilai a lokacin, karɓa a yankinsa, sai ga ta bayan wata guda ta karɓa a cocin Saint Peter da ke Vatican. Fafaroma Francis, wanda ya sha kiran zubar da ciki kisan kai, ya gaya wa 'yan jarida a 2021 cewa shi bai taɓa hana kowa Jibi ba. Da Kotun Ƙolin ƙasar ta soke hukuncin Roe na 1973 da ya halatta zubar da ciki, a Yunin 2022, alƙali Samuel Alito ne ya rubuta hukuncin, Sonia Sotomayor na cikin waɗanda suka ƙi, kuma dukansu 'yan Katolika ne.

Binciken cibiyar Pew na 2022 ya nuna kashi 56 na 'yan Katolikan Amurka na son a halatta zubar da ciki a dukkan yanayi ko mafi yawansu. Amma cikin masu zuwa Mas kowane mako, kusan kashi 2 cikin 3 sun ce a haramta. Ashe ba littafin baftisma ke nuna ra'ayin mutum ba, sawunsa a hanyar coci ne. Fafaroma Leo na 14, Ba'amurke na farko a kan kujerar, ya ƙara wa masu auna imanin wasu aiki a Satumban 2025, da ya ce wanda ke adawa da zubar da ciki amma yake goyon bayan hukuncin kisa bai cika mai kare rai ba.

Labarin ƙasar Ailan ya fi kusa da Arewa fiye da yadda ake zato. Fadodi da Sistocin ƙasar ne suka gina da yawa daga cikin majami'u da makarantun mishan na nan: John McCarthy, akbishop na farko a Kaduna kafin Peter Jatau ya gaje shi a 1975, ɗan Ailan ne, haka Sistocin da suka kafa Saint Louis a Kano. A 1983 mutanen ƙasar suka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 67, suka sa hanin zubar da ciki a kundin tsarin mulki. A Mayun 2018 'ya'yansu da jikokinsu suka cire shi da kashi 66, alhali ƙidayar 2016 ta nuna kashi 78 na al'ummar na kiran kansu 'yan Katolika.

Me ya faru a tsakani? Mutuwar Savita Halappanavar na ciki. Likitar haƙori ce 'yar Indiya, cikinta na mako 17 ya fara ɓarewa a wani asibiti a Galway a Oktoban 2012, ta roƙi a cire, aka ƙi domin zuciyar ɗan na bugawa, wata ungozoma ma ta ce mata ai nan ƙasar Katolika ce. Guba ta shiga jininta ta rasu. Sai kuma tonon asirin gidajen da Sistoci ke tsare 'yan matan da suka yi cikin shege, ana sa su wankau ba albashi, ana raba su da jariransu. Na ƙarshen irin gidajen wankin sai a 1996 aka rufe shi. Mutane suka ga cocin da ke wa'azin darajar ɗan tayi bai darajta uwar da ta yarda ta haife shi ba, kuma wannan ya ci masa mutunci fiye da duk wata hujjar 'yan boko.

A Najeriya coci da doka bakinsu kusan ɗaya ne. Dokar Penal Code ta Arewa da Criminal Code ta Kudu ba su yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, kuma mai yi na iya shan ɗaurin shekara 14. Da gwamnatin Legas ta fitar da ƙa'idojin yadda likitoci za su cire ciki a inda doka ta yarda, a Yunin 2022, Akbishop Alfred Adewale Martins ya fito ya yi tir, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da su cikin 'yan kwanaki. Duk da haka cibiyar Guttmacher ta ƙiyasta an zubar da ciki miliyan 1.25 a ƙasar a 2012, da yawa a ɓoye, a bayan kantin magani ko hannun wanda bai san aikin ba. Waɗannan matan ba daga sama suka faɗo ba. Akwai masu zuwa masallaci, akwai masu ɗaura zanen Zumuntar Mata, akwai 'yan ƙungiyar mawaƙa. Abin da ke kai budurwa can sau da yawa ba ƙarancin imani ba ne, tsoron abin kunya ne: cikin da ya fito kowa zai gani, a nuna ta da baki, a nuna uwarta, wanda aka zubar kuwa ba mai sani. Ikilisiyar da ke son a bar ciki ya kai haihuwa, aikinta na farko shi ne ta sa zaman mai cikin ya yiwu a kan benci.

Hanyar dawowa dai ɗaya ce, ita ce ɗan akwatin furta zunubi ko kujerar da ake ajiyewa a gefen coci ranar Asabar da yamma. Da can, yafe wannan zunubi da ɗage hukuncinsa sai bishop ko Fadan da ya ba izini. Francis ya buɗe wa kowane Fada wannan iko a Shekarar Jinƙai da ta fara a Disamban 2015, ya kuma mayar da shi na dindindin a Nuwamban 2016. Fadan ƙauye a Zuru ko Shendam na iya yi yau ba tare da ya nemi kowa ba. In kuwa ya kuskura ya faɗa wa wani abin da ya ji, ko miji, ko uba, ko ɗan sanda, shi ma ya fita daga tarayya nan take, kuma nasa hukuncin Fadar Vatican kaɗai ke iya ɗage shi.