ABINCIN DABBA SHI NE GYARAN NAMANTA

Kowa ya san yadda nama kan rine a kan teburin mahauci, ja ya koma ƙasa-ƙasa, kitse kuma ya sake wari. Masana sun gane cewa wani sashi na iskar da muke shaƙa, watau oksijin, shi ke wannan aiki, kamar yadda yake sa ƙarfe tsatsa.

An yi binciken wannan al'amari ƙwarai a kan aladu a ƙasashen Turai da Amurka. Ko da yake akasarinmu ba ma cin naman alade, ilmin da aka samu ya shafi shanunmu da tumakinmu. Alade ba ya tuƙa, saboda haka irin man da ya ci shi ke komawa kitsensa kusan yadda yake. In an ba shi mai ruwa-ruwa, kamar na waken soya, kitsen ya yi laushi, ya yi saurin ɓaci.

Maganin da aka samu shi ne bitamin E, wanda Herbert Evans da Katharine Bishop suka gano a Kalifoniya cikin 1922. Akan zuba miligiram 100 zuwa 200 cikin kowane kilo na abincin alade, makonni kafin yanka. Bitamin ɗin yakan shiga cikin tsoka ya zauna, ya tare oksijin kafin ya taɓa kitse, nama ya daɗe a ajiye bai sake ɗanɗano ba. Barbaɗa shi bisa nama bayan yanka bai kai wannan amfani ba. Wajen riƙe launi kuwa, an fi ganin aikinsa ga naman shanu. Amma fa ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsabtar mayanka tana nan wajibi.

To, ina namu ciki? Ɗanyar ciyawa tana da bitamin E da yawa, amma harawar da ta sha rana ta daɗe a ajiye ta rasa mafi yawansa. Don haka muna roƙon malaman makaranta su koya wa yara shanya harawa a inuwa, a kuma faɗakar da masu turke su riƙa haɗa wa dabba ɗanyen ganye da rani. Ribar abin tana ga mai kiwo, da mahauci, da mai ci.