Shin Ko Kun San? Tururin Nukiliya da Jikin Ɗan Adam

Shin ko kun san cewa babu mai rai da tururin nukiliya ba ya ratsa jikinsa kullum? Yana fitowa daga ƙasa da duwatsu da sararin sama, har da abincin da muke ci. Ma'auninsa sunansa milisibat, kuma a matsakaicin lissafi mutum yakan sha kusan 2.4 a shekara. Maganar duk tana ga yawan abin da ya shiga jiki, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana shiga.

Ko kun san hoton ƙirji guda a asibiti bai wuce milisibat 0.1 ba? Hoton CT na ciki kuwa yakan kai 10. Don haka wanda likita ya tura hoton ƙirji ya ƙi zuwa saboda tsoro, kansa ya cuta. Mai juna biyu dai ta sanar da ma'aikata kafin a ɗauka.

Ma'aikatan da ke mu'amala da tururin, irin masu haƙar yuraniyom a Arlit ta Nijar, ƙa'idar duniya ta ce kada su wuce 20 a shekara a matsakaicin lissafi. Daga 100 zuwa sama ne bincike ya fara nuna ƙaruwar ciwon daji a fili.

Idan 1,000 suka shiga jiki a tashi ɗaya, sai tashin zuciya da amai, ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta su ragu. A 4,000 zuwa 5,000 ɓargo ke lalacewa, kuma rabin waɗanda abin ya shafa kan mutu in ba a yi musu magani ba. A hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl na 1986, ma'aikata 134 ne suka kamu da wannan ciwo, 28 suka rasu cikin 'yan watanni. Daga baya dubban yara suka kamu da ciwon dajin thyroid da ke gaban wuya saboda gurɓatacciyar madarar da suka sha.

Hatsarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na garin Goiânia a Brazil, a 1987. Wasu 'yan gwangwan biyu suka ɗauko wani ƙarfe daga injin gashin ciwon daji a wani asibitin da aka yi watsi da shi, suka fasa. A ciki akwai gari mai fitar da tururin nukiliya, mai shuɗin haske a duhu. Mutane suka yi ta sha'awa, ana rabawa 'yan uwa, wasu har da shafawa a jiki. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara shida, aka kuma gwada sama da mutum 100,000.

Wannan tururi ba a ganinsa, ba ya wari, ba a jin shigarsa. 'Yan gwangwan da 'yan jari bola, don Allah duk ƙarfen da kuka gani da alama mai kama da fanka mai fiffike uku a kan ruwan ɗorawa, kada ku taɓa, kada ku fasa. Ku nisance shi, ku sanar da hukuma.