Sha'ir, Dusa da Cikin Kaza

Mai kiwon kaji a Kasuwan Garba, ko a wani gari na ƙasar Kontagora inda masara da dawa suke da albarka, ya sani sarai ba duk abin da kaza ta tsattsaga ne yake zama tsoka ko ƙwai ba, domin Allah cikin hikimarSa ya hore wa saniya tumbi mai cike da ƙananan halittu masu narkar da harawa da dusa, alhali kuwa kaza da alade ba a yi musu wannan baiwa ba.

A ƙasashen sanyi, inda sha'ir yake da araha, mas'alar ta fi tsanani, saboda a cikin ƙwayarsa akwai wani sinadari, bita-gulukan, wanda idan ya sadu da ruwa a hanji sai ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, abinci ya wuce ba a amfana da shi ba, kashin 'yan tsaki ya riƙa danƙo, shimfiɗa ta jiƙe. A shekarar 1957 masana a jihar Washintan ta Amurka suka tabbatar da cewa jiƙa sha'ir a ruwa, ko zuba masa inzayim, wato sinadarin da yake warware abinci, yana gyara girman 'yan tsaki. Daga bisani Turai ta mai da abin sana'a, har a 1991 aka fara sayar da wani inzayim a Holan mai suna fitas, wanda yake sakin fosfaras da ke ɗaure cikin hatsi, bayan fosfaras na kashin aladu da kaji ya addabi ƙasar Holan da ruwanta.

To, a nan ne nake jin tsoron asara ga mutanenmu. Kowane inzayim da abin da aka halitta shi ya warware, ba ya ƙetare haddinsa. Masara da dawa kuwa ba su da yauƙin sha'ir sai ƙalilan, saboda haka wanda ya sayi na sha'ir ya zuba a masara, haƙiƙa ya yi almubazzaranci. Abin da ya dace da mu shi ne fitas, da wani inzayim mai suna zailanas ga mai yawaita dusar alkama. Ɗacin jar dawa kuwa, wanda yake hana jiki cin moriyar furotin, waɗannan ba sa kawar da shi, gara a nemi farfara. Wajibi ne mai saye ya karanta abin da aka rubuta a jikin buhu, ya kuma ajiye shi nesa da rana da laima, don zafi yana kashe ƙarfinsa.