Yadda Ake Tsara Auna Nasarar Shirin Kare Rayukan Masu Shan Ƙwaya Fiye da Ƙima

Gabatarwa

Duk shirin da hukuma ta kafa domin ceton rai, wajibi ne wata rana a tambayi masu gudanar da shi ko ya biya buƙata. Shirin kare masu shan ƙwaya fiye da ƙima yana cikin waɗanda amsa wannan tambaya ke da wuya a kansu, domin mutuwar da aka hana aukuwa ba ta barin wata alama da za a ƙirga. Saboda haka masana kiwon lafiyar al'umma ke jaddada cewa tun ranar da ake zana shirin ya kamata a zana yadda za a auna shi. Wannan bayani zai duba matakan da ake bi, tare da darussan da aka koya a ƙasashen da suka daɗe a wannan aiki.

Abin da Irin Wannan Shiri Ya Ƙunsa

Mafi yawan mace-macen da shan ƙwaya ke jawowa suna da nasaba da ƙwayoyin dangin ofiyom, irin su hirowin da fentanil da kodin da tiramadol. Idan aka sha su fiye da ƙima sukan rage numfashi har ya tsaya. Akwai magani mai suna nalokson da ke karya ƙarfinsu cikin 'yan mintoci idan an ba da shi a kan lokaci. A shekarar 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a wadata duk wanda ake zaton zai iya ganin irin wannan hali da maganin, a kuma koya masa amfani da shi. Don haka shirye-shiryen ƙananan hukumomi galibi sukan ƙunshi rarraba nalokson, da horar da iyalai da ma'aikatan lafiya, da sada masu fama da jaraba da wuraren jinya, da kuma wayar da kan jama'a.

Matakai Shida

A shekarar 1999 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, wadda aka fi sani da CDC, ta fitar da wani tsari na auna shirye-shiryen kiwon lafiya, ta kuma sabunta shi a 2024. Tsarin da aka sabunta yana da matakai shida: fahimtar yanayin wurin da mutanen da abin ya shafa, bayyana shirin dalla-dalla, zaɓen tambayoyin da za a amsa da hanyar amsa su, tattara hujjoji ingantattu, yanke hukunci bisa hujjojin, sannan aiki da abin da aka gano.

Mataki na biyu shi ne ginshiƙi. Ana son a rubuta a shafi guda abin da aka zuba, kamar kuɗi da ma'aikata da magani. Da ayyukan da za a yi. Da abin da zai fito nan take, kamar yawan waɗanda aka horar. Da canjin da ake fata bayan watanni. Da kuma babbar manufa, wato raguwar mace-mace. Amfanin wannan jeri shi ne, idan ba a cimma manufa ba, ana iya komawa baya a ga gaɓar da ta tsinke. Wataƙila an sayi maganin amma yana ajiye a sito, ko an rarraba shi amma ga waɗanda ba su taɓa zama kusa da mai sha ba.

A nan ne ake bambanta awo iri biyu. Na farko yana duba ko an yi aikin kamar yadda aka tsara, na biyu kuma yana duba ko aikin ya kawo canji. Rahoton da ya tsaya ga cewa an yi taro ashirin an raba magani dubu ya amsa na farko kawai, shi ma rabinsa.

Zaɓen Ma'auni: Darasi Daga Sikotland

A shekarar 2011 Sikotland ta fara shirin ƙasa na rarraba nalokson, har da bai wa fursunoni a ranar sallamarsu. Masu tsara awon sun lura cewa jimillar mace-macen ƙwaya tana hawa da sauka saboda dalilai da dama da ba su shafi shirin ba. Sai suka zaɓi ma'auni takamaimai tun kafin a ga sakamako: daga cikin duk waɗanda ƙwayoyin ofiyom suka kashe, kashi nawa ne suka mutu cikin makonni huɗu da fitowa daga kurkuku. Dalilin zaɓen shi ne, wanda ya daɗe bai sha ba jikinsa yakan rasa juriyar da ya saba da ita, ta yadda adadin da yake sha a da zai iya halaka shi. Tsakanin 2006 da 2010 ma'aunin ya kasance kashi 9.8 cikin ɗari, ya sauko zuwa 6.3 tsakanin 2011 da 2013. Abin koyi a nan shi ne, an ɗaure ma'aunin da rukunin mutanen da shirin ya nufa, an kuma tanadi alƙaluman shekaru biyar na baya domin kwatantawa.

Muhimmancin Kwatantawa

A Amurka mutane kusan 108,000 ne suka mutu ta wannan hanya a 2022, adadin ya sauko zuwa kimanin 80,000 a 2024. A irin wannan lokaci kusan kowace ƙaramar hukuma za ta iya nuna raguwa ta ce aikinta ne, kamar yadda a shekarun da fentanil ya mamaye kasuwa ko shiri mai kyau zai yi kama da wanda ya gaza. Maganin wannan ruɗani shi ne kwatanta yankin da ake aiki da wani yanki mai kama da shi da ba a fara ba. Haka aka yi a jihar Massachusetts, inda binciken da aka wallafa a 2013 ya duba garuruwa 19 tsakanin 2002 da 2009, ya gano cewa mace-mace sun fi ƙaranci a inda aka rarraba nalokson, kuma bambancin ya fi girma a inda rarrabawar ta fi yawa.

Har ila yau, dole a ba shiri lokaci. Wani babban gwaji da aka yi a yankuna 67 na jihohin Kentucky da Massachusetts da New York da Ohio ya nufi rage mace-mace da kashi 40 cikin ɗari, amma sakamakon da aka bayyana a 2024 bai nuna bambanci tabbatacce ba. Da aka duba bayanan gudanarwa, sai aka ga kashi 38 cikin ɗari kacal na ayyukan da aka aiwatar daga ƙarshe ne aka fara kafin shekarar awo ta kama, ga kuma annobar korona da ta faɗo a tsakiya. Ba don an adana waɗannan bayanai ba, da an ɗora wa dabarun laifin da ba lallai nasu ba ne.

Abin Lura a Nan Gida

Binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda ya shafi 2018, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma miliyan 4.6 sun sha magungunan dangin ofiyom ba bisa umarnin likita ba, galibi tiramadol. A watan Mayu na 2018 ne kuma Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Sai dai mai tsara awo a nan zai gamu da cikas uku. Na farko, galibi ana yin jana'iza a ranar rasuwa ba tare da binciken gawa ba, kuma ba kowace mutuwa ake yi wa rajista ba, don haka adadin mace-mace shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Ya kamata a haɗa da rajistar sashen gaggawa na asibitoci, da yawan waɗanda aka tura jinya suka kuma ci gaba da zuwa, da bayanin masu dawowa karɓar sabon magani. Na biyu, kunya da tsoron kamu sukan sa iyali su ɓoye sanadi. Wajibi ne a tattara bayanai ba tare da suna ba, a kuma raba su da aikin jami'an tsaro, domin da zarar an yi zargin cewa takardar asibiti tana kaiwa ga ofishin 'yan sanda, masu zuwa za su ɗauke ƙafa. Na uku, masu sha kan gauraya ƙwayoyi. Nalokson ba ya aiki a kan irin su dayazefam, kuma ba ya tsayar da jijjigar da tiramadol ke haddasawa, saboda haka fom ɗin rahoto ya tanadi gurbin abin da aka sha da kuma ko an kai mutum asibiti.

Akwai kuma wata alama mai yaudara. Idan shiri ya fara samun karɓuwa, adadin waɗanda ake kawowa asibiti yana iya ƙaruwa, saboda jama'a sun daina ɓoyewa. Mai karanta alƙaluma ya bincika kafin ya ce matsalar ce ta ƙaru.

Kammalawa

Kafin a ƙaddamar da shiri, kwamitin ƙaramar hukuma ya tabbatar ya rubuta tambayoyi biyu ko uku da yake son amsawa, da ma'aunin kowace, da inda za a samo alƙaluma, da jami'in da zai tattara su, da ranar da za a zauna a duba. A keɓe wa wannan aiki kasonsa a cikin kasafin kuɗi, a kuma sanya ma'aikatan lafiya da masu unguwanni da malamai da waɗanda suka taɓa fama da jarabar a cikin zaman. Sakamakon da aka samu, mai daɗi ko akasinsa, a gabatar da shi ga jama'ar yankin, sannan a gyara tsarin shekara mai zuwa bisa abin da ya nuna.